Akwatin Sifanar Ustaz Lutfi

Ustaz Lutfi Abdul-Shafi bai taɓa ɗaure noti ko ɗaya ba tun da uwarsa ta haife shi. Shekara talatin da huɗu ya yi a wani ofishin gwamnati a Damanhur yana buga hatimi a kan takardun mutane, kuma ƙarfe mafi nauyi da ya taɓa ɗagawa a bakin aiki shi ne cokalin shayi. Saboda haka ranar da aka ji yana cigiyar inda ake sayar da akwatin sifana da soket mai sauƙin kuɗi, sai da mai guga na kan kwana ya ajiye aikinsa ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Lafiyarsa lau. Shiru ne ya yi masa yawa.

Ƙofar gidansa tana kallon garejin Usta Girgis, Usta kuwa laƙabin gwanin sana'ar hannu ne a wajenmu. Girgis bakanike ne da ya daina aiki, amma bai rabu da kayan aikinsa ba. Yana da katako guda a bango, an kafa masa ƙusoshi, kowace sifana da wurin ratayarta, daga ƙarama har babba. Da la'asar ta yi sai mazan layinmu su fara zuwa. Wannan yana son lamba goma, wancan batirinsa ya kwance, wani kuma ba abin da ya lalace masa, ya dai riƙo wani tsohon noti a hannu don kada a ce ya zo haka kawai. Ustaz Lutfi kan ɗauko kujerarsa ya tsallaka titi ya zauna. Aikinsa a wurin shi ne baki. Shi ke gaya wa mai gyara cewa ba haka ake yi ba, shi ke gaya wa mai mota cewa motar ta girmi surukarsa, shi ke shan shayi kofi uku alhali kowa ɗaya ya sha. Da matarsa Ni'imat ta rasu, shekara huɗu ke nan, wannan kujerar ce ta riƙe shi. Ɗansa yana Kuwait, 'yarsa tana aure a Isma'iliyya, amma kullum da yamma yana da wurin zuwa.

Sai ciwon suga ya cinye wa Girgis ido. Wata Asabar 'yarsa ta zo daga Iskandariyya da motar kaya, aka loda gado da firji da shi kansa Girgis, mijin 'yar ya kwashe sifanun cikin buhu kamar mai kwasar albasa, aka ja ƙofar garejin aka datse.

Mutanen layi ba su yi faɗa da Ustaz Lutfi ba. Suna gaishe shi in sun wuce, har da ɗaga hannu. Amma namiji a wajenmu ba ya buga ƙofar namiji ya ce na zo ne don na yi kewarka. In ka faɗi haka za a taɓa goshinka a ji ko zazzaɓi ne. Dole ka zo da dalili, ko da na ƙarya ne, kuma dalilin duk layin ya tafi Iskandariyya a cikin buhu. Wata biyu cur ba wanda ya taɓa ƙofar Ustaz Lutfi sai mai karanta mitar wuta, shi ma a tsaye ya karanta ya wuce.

Ya zauna ya yi nazari irin na ma'aikacin ofis. Mutane sifana suke bi. Shi ma yana da gareji, ga tsohuwar Fiyat ɗinsa a ciki lulluɓe da zanen gado, shekara biyu ba ta motsa ba. In ya sa sifana a garejin, mutane za su zo.

Ya gaya wa 'yarsa Wafa a waya.

"Baba, kai da sifana?" in ji ta. "Kai da kwan fitila in ya mutu sai Mama ta hau kujera?"

"Uwarki ta fi ni tsawo a kan kujera, shi ya sa."

"Me za ka gyara?"

"Abubuwa."

"Ka zo ka zauna da mu mana, Baba. Ga ɗakin yara."

"In zo in kwana ƙarƙashin hoton ɗan ƙwallo? Ki gai da mijinki."

Ya fara da babban shagon kayan aiki na titin tasha. Mai shagon ya ɗora masa wani jan akwati a kan kanta, ya buɗe a hankali kamar mai nuna gwal ɗin amarya. Ustaz Lutfi ya tambayi kuɗi. Da aka faɗa masa, ya ce, "Har da motar a ciki?" Fanshonsa na wata guda ne da ɗoriya.

"To ga na talaka, Basha," in ji mai shagon. A kasuwa duk mai takalmi Basha ne. Ya jawo wani baƙin akwati na roba, ɗan Sin, guda arba'in da shida a ciki, kowanne yana walƙiya. "Wannan kowa shi yake saya. Fam ɗari tara."

Abu ɗaya tak Ustaz Lutfi ya koya a shekarun da ya yi a kujerar Girgis. Girgis ba ya yarda da sifana sai ya sake ta a kan siminti ya saurara. Ƙarfen kirki yana yin ƙara siririya mai tsawo, kamar ƙararrawar cocinsu. Na banza kuwa sai ya ce ƙwas, ya yi shiru. Ustaz Lutfi ya zaro sifana ɗaya daga akwatin robar, ya ɗaga ta daidai ƙirji, ya sake ta.

Ƙwas.

"Me kake yi haka, bawan Allah?" Mai shagon ya zagayo da gudu. "Kayana ne fa!"

"Ina jin muryarta ne. Ba ta da murya."

"Mawaƙiya ka zo saya ko sifana?"

Ya shiga shago huɗu ranar, ya jefar da sifana huɗu, aka raka shi bakin ƙofa sau uku. Ya dawo gida ƙafafunsa suna zogi, ya ɗumama sauran waken safe ya ci da gurasa a tsaye. Amma ya lura da wani abu. Ranar ya yi magana da mutane fiye da yadda ya yi a wata biyu, ko da yake rabin maganar zagi ce.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya nufi kasuwar tsofaffin kaya. Can ƙarshe, tsakanin mai sayar da fankoki marasa fiffike da mai tsofaffin famfuna, ya ga wani koren akwatin ƙarfe, fentinsa ya ɓare, tsatsa ta ci gefensa. Ya tsuguna ya buɗe. Soket jere reras, sifanu a naɗe cikin tsumma, ga hannun juyawa mai ƙara ƙas-ƙas-ƙas in an murza. Ya ɗauki sifana ɗaya. Nauyinta kawai ya isa shaida. Ya nemi inda dutse yake ya sake ta.

Ƙarar ta tashi siririya, ta daɗe ba ta mutu ba. Sai da mai fankoki ya waiwayo. Rabon Ustaz Lutfi da jin wannan ƙarar tun ana buɗe garejin da ke kallon gidansa.

"Daga ina wannan?"

"Daga tashar jiragen ruwa, Hajji," in ji mai kayan, wani siriri mai haƙorin azurfa. "Kayan da. Yanzu ba a yin irinsa. Wace mota ce da kai?"

"Ba na mota ɗaya ba ne. Na layi guda ne."

Mai kayan ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, ya dubi akwatin da ya yi shekara yana ɗauka yana saukewa duk Juma'a, sai ya rufe bakinsa.

Ustaz Lutfi ya sa tabarau ya duba rubutun jikin soket ɗin. Na Girgis lamba ce zalla, goma, sha biyu, sha uku. Waɗannan kuwa lamba a sama, lamba a ƙasa, da layi a tsakani. Ɗaya bisa biyu. Tara bisa sha shida. Biyar bisa takwas. Ransa ya yi fari. Mutumin da ya tsufa a kan takarda yana girmama duk lambar da ke da wata lamba a ƙarƙashinta. Ya ce a ransa, wannan aikin masu ilimi ne, sun auna har gutsattsarin. Aka yi ciniki, ya biya fam ɗari biyar, ya rungumo akwatin a ƙirji har gida, ya ƙi yarda a ɗora shi a bayan tasi.

Kwana biyu ya yi yana wanke su da kananzir da tsohon buroshin haƙori. Ya tura Fiyat can ciki da taimakon mai guga, ya shimfiɗa jarida a kan tebur, ya jera su daga ƙarami zuwa babba. Ya sauko da kujeru huɗu daga falo da ƙaramin risho da butar shayi. Ya sayo suga kilo biyu. Da la'asar ya ɗaga ƙofar garejin har sama ya zauna.

Ranar farko yara suka wuce daga makaranta, kyanwa ta shigo ta shinshina kananzir ta fita. Rana ta biyu haka. Rana ta uku ya kai wa mai guga riguna biyu da ba su buƙatar guga, ya ce masa a cikin hira, "Duk wanda ke neman sifana, akwai a wajena." Gaya wa mai guga magana daidai yake da sa ta a rediyo.

Rana ta huɗu Ashraf mai tasi ya tsaya a ƙofar, ya fito yana share zufa.

"Ustaz, an ce ka zama Usta."

"Zauna, zauna. Shayi yana kan wuta."

"Fasinja na jira a tasha. Lamba sha uku kawai, kan batir ne ya yi sako-sako."

"Sha uku!" Ustaz Lutfi ya yi dariyar manya. "Mu nan mun wuce wannan lissafin. Zaɓi da kanka."

Ashraf ya ɗauki ɗaya ya ɗora a kan notin. Ta ƙi shiga, saura ƙiris. Ya ɗauki ta gaba da ita. Ta shiga har tana rawa. Ya ce bari dai ya gwada, ya danna da ƙarfi, soket ɗin ta zame, bayan hannunsa ya daki ƙarfen inji. Abin da ya faɗa a lokacin ba ya rubutuwa. Ya tsotsi jinin, ya ɗaga soket ɗin ya duba jikinta.

"Ustaz. Wa ya sayar maka da wannan?"

"Ƙarfen kirki ne. Saki ka ji."

"Ƙarfen kirki ne, amma na inci ne! Awon Ingilishi da Amurka na zamanin kakana. Motocin layin nan kaf awon milimita ne. Tawa, ta maƙwabcinka Hajji Sabri, har taka da ke ƙarƙashin zanen gado. Ba notin da wannan zai kama daga nan har bakin teku."

Ustaz Lutfi ya dubi jerin da ke kan jarida. Butar shayi ta fara tafasa a bayansa.

"In na mayar na sayo na milimitar fa?" ya tambaya a hankali.

Ashraf mutumin kirki ne, sai dai ba ya tauna magana. "Kada ka wahalar da kanka, wallahi. Tun da Usta Girgis ya tafi kowa ya sayi ɗan akwatin robar nan ya jefa a but ɗin motarsa. Ni ma ina da shi, ƙanena ne ya ara. Bari in gudu."

Kafin magariba labari ya gama layi. Kwana uku ana ba da shi a gidan shayi, kowa da ƙarin gishirinsa. In abu ya ƙi dacewa da wani abu, ko aure ne ko murfin tukunya, sai a ce sifanar Ustaz. Ya ji, ya yi dariya tare da su daga nesa, don shi ma da wani ne ya yi, da shi zai fi kowa baki.

Ya buga wa Girgis waya. Girgis ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Na koya maka saurare, Lutfi. Ban koya maka karatu ba, na ɗauka karatu sana'arka ce."

"Kai kuma me kake yi a can?"

"Ina zaune a baranda, hawa na shida. Sun ce teku yana gabana. Na yarda da su. Saki sifanar nan in ji."

Ustaz Lutfi ya kara wayar kusa da ƙasa, ya saki sifanar a kan siminti. Da ƙarar ta mutu ya mayar da wayar kunne.

"Mai kyau ce," in ji Girgis. "Kada ka yar."

Ya bi gidan kaf yana neman notin da zai karɓi kayansa. Firji ya ƙi, injin wanki ya ƙi, Fiyat ta ƙi kamar yadda Ashraf ya faɗa. Abu ɗaya ne ya karɓa, gadon ƙarfen da Ni'imat ta zo da shi daga gidan ubanta. Shekara arba'in gadon nan yana kuka duk juyin da aka yi, ita kuma tana cewa a kira mai gyara. Ya durƙusa ya ɗaure notinsa takwas tamau. Da ya kwanta ƙailula ya juya dama, shiru. Ya juya hagu, shiru. Ashe kukan gadon ne kaɗai ke amsa masa a gidan. Ya tashi ya sassauta biyu daga ciki.

Kujeru suka koma falo ɗaya bayan ɗaya. Bai daina ɗaga ƙofar garejin ba, don rufewa zai zama kamar ya amsa laifi.

Bayan mako uku, wata Litinin da hantsi, amalanken jaki ya tsaya a ƙofar. Wani dattijo ya sauko, doguwar rigarsa duk taɓo a gindi, rawani a kai, fuska kamar an ce masa auduga ta faɗi a kasuwa. Sunansa Shahata, manomi ne daga wani ƙauye bayan magudanar ruwa.

"Kai ne wawan da ya sayi sifanar da ba ta shiga komai?"

"Wa alaikumus salam," in ji Ustaz Lutfi. "Ni ne. Da wa nake magana?"

"A gidan shayin kasuwar hatsi na ji ana dariyarka." Ya zaro ƙullin tsumma daga aljihu, ya kwance. Wani baƙin noti ne, gefensa duk sun sha guduma. "Tarakta gare ni, 'yar Ingila, ta girmi babban ɗana. Shekara ashirin ina kwance ta da kurfi da guduma. Ba ni in gani."

Bai jira izini ba. Ya bi jerin da yatsa, ya ɗauki biyar bisa takwas, ya ɗora. Ta zauna daram, ba rawa, ba matsi. Ya cire ya sake sawa. Ya sake cirewa ya sake sawa. Fuskarsa ba ta canza ba.

"Nawa ka saya?"

"Ɗari biyar."

"Na ba ka dubu. Rufe akwatin."

Ustaz Lutfi ya dubi akwatin. Da dubu zai wanke kunyarsa, ya shiga gidan shayi ya ce wawan ya ci riba ninki. Za a yi dariya kwana ɗaya, a tafa masa. Daga nan akwatin zai hau amalanke ya tafi, shi kuma ya koma kallon rufaffiyar ƙofar Girgis. Duk faɗin lardin nan ga mutum ɗaya da ke buƙatar abin da yake da shi, yana tsaye a gabansa yana warin taki.

Ya gyara tabarau, ya haɗe hannuwa a kan tebur, muryar ofis ta dawo masa.

"Ba na sayarwa ba ne, Baffa Shahata."

"Dubu da ɗari biyu."

"Aro ake bayarwa. Kyauta."

"To ara mini akwatin."

"Ba a fitar da akwati gaba ɗaya. Guda uku a lokaci ɗaya, da hannun juyawa. In ka dawo da su ka karɓi wasu."

"Wa ya ce?"

"Ƙa'ida ce."

"Ƙa'idar uban wa? Kai kaɗai ne a garejin nan, kai da kyanwa!"

"Da ni da ita muka zauna muka tsara."

Shahata ya kira sunan Allah, ya kira na Annabi, ya ce tafiyar awa guda ce a kan jaki, ya ce mutanen birni ba su da tsoron Lahira. Ya fita har bakin amalanke, ya tsaya, ya dubi notin da ke hannunsa, ya dawo. Ya zaɓi uku yana huci. Shayin da aka zuba masa ko kallo bai ishe shi ba.

Sai da amalanken ya ɓace Ustaz Lutfi ya tuna bai tambayi sunan ƙauyen ba, bai karɓi lambar waya ba. Mutumin da bai taɓa sakin takarda ba sai an sa hannu wuri uku.

Kwana takwas yana duban gurabe uku da babu kowa a jerin. Ya ce wa kansa uku ɗin sun ishi mutumin, ba zai dawo ba. Ya ce wa kansa da ya sayar ya huta. Duk ƙarar kofato da ya ji sai ya miƙe, sai ya ga mai kayan miya ne ko mai tukunyar gas. Wafa ta yi waya ta tambayi yadda gyare-gyare ke tafiya, ya ce aiki ya yi yawa.

Rana ta tara Shahata ya dawo. Ya dire soket uku a kan jarida, a goge tas, sun fi yadda suka tafi tsabta.

"Akwai wani noti can ƙarƙashin famfon mai. Hannu ba ya kaiwa. Ina son doguwar."

"Sai ka zauna in duba ko tana nan."

"Ga ta can ina ganinta."

"Dubawa tana da tsari."

Shahata ya yi tsaki, ya ja kujerar Ustaz Lutfi, ita kaɗai ce a wurin, ya zauna a kai. "Jakin ne ya gaji," in ji shi, "ba ni ba." Ustaz Lutfi ya kifa bokiti ya zauna. Ya yi magana ta kusan awa guda, a kan Girgis, a kan farashin suga, a kan yadda ya kamata a kula da tarakta, abin da bai taɓa hawa ba. Shahata ya ce "uhm" sau shida, ya ce "ƙarya ne" sau biyu, ya shanye shayinsa, ya miƙa kofin aka ƙara.

Da ya tashi tafiya ya tsaya a kan teburin yana motsa leɓe.

"Guda nawa ne duka?"

"Ashirin da takwas."

"Uku-uku. Ka san injin nan sai na sauke shi gaba ɗaya kafin shukar alkama? Zarya zan yi ta yi ke nan kamar mai neman aure."

"Wasu ma sai ka maimaita su."

"Allah ya isa tsakanina da kai, Ustaz." Ya cusa ƙarafan a aljihu, ya hau amalanke, ya ja linzami. Sai da jakin ya fara tafiya ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba. "Talata. Kada ka je ko'ina."

"Ina zan je?" in ji Ustaz Lutfi. Amma amalanken ya riga ya sha kwana.